Kada Jirginmu Ya Sake Ɗaukar Tuta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda kowane rai yake hannunsa.

Ni ce Ramatu 'yar Ɗangana, matar marigayi Mati mai jirgi, mazauniyar Yelwan Yauri, wadda kuke kira Inna. Da hannuna nake wannan rubutu, cikin hankalina, ba zazzaɓi ba magagi, ba kuma wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan sa. Ƙafafuna ne suka kumbura, ba kaina ba. Likita ya gaya mini gaskiya game da ƙodata, na kuma gode masa, don ya fi ku ƙarfin hali. Ku kullum sai ku leƙo ku ce mini yau na yi kyan gani.

Takardar taku ce ku uku: Zaharaddeen, babban ɗana, Aminatu, autata, da Daniel, ɗan Philip ƙanen ubanku, wanda ya shigo ɗakina yana ɗan shekara bakwai, ban kuma taɓa ware shi daga cikinku ba.

Ba mutuwar ce ta hana ni sukuni ba, ita na daɗe da shirya mata. Ga abin da ya hana ni. Zaɓe ya matso. Mutanen wata jam'iyya sun zo wurin Zaharaddeen suna son kamfaninmu na jiragen ruwa ya ba su gudummawa, kuɗi da mai da jiragen yawon kamfe. Shi kuma ya ce musu za a duba, alhali ya sani sarai a kunnen ɗan siyasa wannan alkawari ne. Daniel, wanda duk injunan kamfanin suke hannunsa, ya rantse in aka ba da ko sisi zai tattara kayan aikinsa ya koma Wara wurin mahaifiyarsa, ba shi ba mu. Wata biyu ke nan ban ga kun sa hannu a kwano ɗaya ba. Taron masu hannun jari saura mako shida, ni kuwa ba na jin zan kai. Ina tsoro ƙwarai. Ina tsoron ku rufe ni da safe, kafin azahar ku raba jiragen ubanku gida biyu.

Don haka ku saurara, zan bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya. In Allah Ya karɓi abinsa, a gaggauta ni, a sa ni kusa da Mati in akwai wuri. Kada a karɓi rumfa ko kujera ko buhun shinkafa daga hannun kowace jam'iyya don zaman makokina. Na je ta'aziyyar wata maƙwabciyata a bara, na tarar da rumfa mai ƙaton hoton ɗan takara yana murmushi, har na rasa wanda ya mutu. Tabarmin gidan nan sun isa. In Rebecca, uwar Daniel, ta zo da matan cocinsu, a shigar da su cikin gida a ba su wuri mai kyau, kada a bar su a tsaye a zaure kamar baƙi. Gidan kakanku a Ngaski masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk ƙofa ɗaya suke fita, ba a kaina za a fara canza wannan ba.

Na biyu. Gidan nan da gonar albasa ta bakin fadama da hannun jarina na kamfani, shari'a ta riga ta raba su tun ban haife ku ba. A kira malami ya raba, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Abin da nake da iko a kai sulusi ne, zan zo kansa a gaba. Shawara kawai zan ba ku game da gonar: kada ku sayar wa masu haƙar zinariya, ko nawa suka taya. Na ga gonakin da suka bari a hanyar Ngaski, ramuka ne da ko akuya ba ta iya ratsawa.

Na uku. Gangunan bandar kifina guda huɗu da wayoyin da ake jera kifi a kai, a ba Rebecca. Tare muka koyi banda muna amare, ta kuma fi ni sanin wuta, ko da yake ban taɓa yarda da haka a gabanta ba. 'Yan kunnena na zinariya a ajiye wa babbar 'yar Aminatu. Alƙur'anina mai jan bango a kai masallacin kwata, inda jiragenmu suke tsayawa, direbobi su samu na karantawa.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wata biyu ina kwance a ɗakin nan ina jin gardamarku ta taga, kuna zaton barci nake. Kowannenku ya kawo hujjojinsa, kowa kuma ya haɗa mai kyau da ruɓaɓɓiya a kwando ɗaya. Shekara talatin na yi ina sayen kifi a bakin ruwa, ban taɓa biyan kwando don kyan na sama ba, sai an zazzage mini shi a ƙasa na taɓa ɗaya bayan ɗaya. Haka zan yi wa maganganunku, kada kowa ya ji haushi.

Zan fara da kai, Zaharaddeen, tunda kai ne babba, kai ne kuma ka fi ɗaga murya.

Ka ce: "Inna, kowa na yi, mu kaɗai munka rage." Wannan ba hujja ba ce, labari ne, shi ma ban tabbatar da shi ba. Da Aminatu ta ce ka lissafo kowan, mutum uku ka iya ambata. Ko da ma gaskiya ne, ai kowa yana yi wa jirgi lodin da ya wuce ƙa'ida, kai da kanka kuma ka kori direba a kan haka. Yawan masu yin abu bai gaya mini ko abin yana da kyau ba.

Ka ce kyauta ce don Allah, ba a neman komai. Ba ka rufe baki ba ka ƙara da cewa in sun ci za su tuna da mu. To, zaɓi ɗaya, ɗana. In kyauta ce, ba ruwanka da tunawarsu. In kuwa tunawar kake saye, ka kira abin da sunansa. Maganganun nan biyu ba sa zama wuri ɗaya, kai ma ka sani, shi ya sa kake faɗarsu da sauri.

Ka ce jam'iyyar nan ta fi sauran tausayin talaka. Mai yiwuwa haka ne, ni ban musa ba. Amma wannan dalili ne na ka je ka dangwala mata ƙuri'arka, ba dalili ne na ka buɗe mata asusun kamfani ba.

Ke ma Aminatu kada ki yi murna, ga naki.

Kin ce 'yan siyasa duk ɓarayi ne. Kin gana da su duka? Malam Gideon, hedimastanki na firamare, da ya tsaya takarar kansila babur ɗinsa ya sayar, ya faɗi zaɓe, ya koma tafiya a ƙasa har ya mutu. Shi ma ɓarawo ne? In kuma duk ɓarayi ne, me ya kai ki layin zaɓe tun asuba kowane karo? Magana mai "duka" a ciki tana da daɗin faɗa, amma mutum ɗaya ya isa ya rushe ta. Kin kuma yi ta ɗaga waya kina cewa kin karanta a wata ƙasa an hana. An hana don me? Ba ki faɗa ba. Dalilin hanawar nake son ji, ba sunan ƙasar ba. Sai kuma cewa da kika yi mutane za su zage mu. Mutane sun zage ni da na fara shiga jirgi ina mace ina sayen kifi, da kuɗin kifin kuma aka yi miki makaranta.

Amma kin kawo guda ɗaya mai nauyi, kika kuma yar da ita da wuri saboda yayanki ya daka miki tsawa. Kin ce lauyan da kika tambaya ya ce doka ba ta yarda kamfani ya yi wa jam'iyya kyauta ba. Zaharaddeen ya amsa miki cewa ai sai a rubuta kuɗin man jirgi ne, ko a bi ta sunan wani. Abin da sai an canza masa suna kafin a rubuta shi, ai mai yin sa ya riga ya san matsayinsa. Ranar da asiri ya tonu kuma ba ɗan takara za a kama ba, wanda ya sa hannu za a kama, kuma ɗana ne.

Yanzu in dawo kanka, Zaharaddeen, don ba zan zalunce ka ba. Kana da hujja biyu da ban iya turewa da ƙafa ba.

Ta farko, ka ce ɗan takarar da ba shi da kuɗi ba zai taɓa kaiwa tsibirai ba, ba shi da na mai, ba shi da jirgi. In masu sana'ar halal duk suka naɗe hannu, sai a bar fagen ga masu kuɗin da ba a san asalinsu ba, su kuma su sayi kowa. Wannan gaskiya ce, na kuma daɗe ina juya ta. Siyasa tana cin kuɗi, ba da fatan alheri ake buga fosta ba. Amma da na bi maganar zuwa ƙarshenta, sai na ga inda ta kai shi ne kai Zaharaddeen ka sa hannu a aljihunka ka bayar da sunanka, kowa yana gani. Ba ta kai ga asusun kamfani ba.

Ta biyu ita ce ta hana ni cin abinci. Ka ce takardar izinin wurin tsayawarmu a kwata za ta ƙare baɗi, masu sabunta ta kuma suna jin maganar wanda ya ci zaɓe. Ka ce masu sababbin jiragen nan masu gudu sun riga sun kai tasu gudummawar, idonsu kuma a kan wurinmu yake. In muka rasa shi, direbobi da 'yan lodi da matan da suke soya kifi a gefen jiragenmu, gida fiye da arba'in, ina za su? Ba ni da cikakkiyar amsa. Ba zan yi muku ƙaryar cewa in kun ƙi bayarwa ba abin da zai faru ba. Yana iya faruwa. Abin da kawai zan ce, wurin da aka saya da gudummawa ba a gama sayensa, duk bayan shekara huɗu sai an sake, kuma farashin ba ya sauka. In kuma jam'iyyar da kuka ba ta faɗi, wadda ta ci ba za ta manta jiragen wa suka yi wa abokiyar gabarta dako ba. Tsoron da kake ji na gaskiya ne, maganin da ka kawo ne ban yarda da shi ba.

Akwai kuma hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, ku uku kuma ba wanda ya ambace ta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kuɗin nan na wane ne? Kun saba cewa jiragen Mati, har kun manta ba na Mati kaɗai ba ne. Lokacin da za mu sayi jirgi na biyu ba mu da isasshen kuɗi, sai ubanku ya bi tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa har Shanga yana tara masunta. Na tuna Tamada mai saƙar taru, ya zo da kwandon tarwaɗa uku a kwale-kwalensa ya dire a gabana ya ce: "Hajiya, ni ba ni da kuɗɗi, ga nawa, a sa ni cikin jirgin ga." Har yau yana da hannun jarinsa, irinsa kuma sun haura sittin. Tamada tun da aka fara zaɓe ɗaya jam'iyyar yake yi, ba ya ɓoyewa, har faɗa yake yi a kanta a kasuwa. Yanzu sai a ɗebi ribar tarwaɗarsa a kai wa waɗanda zai je ya ƙi zaɓa, ba a ko tambaye shi ba? Da kuɗinsa za a yaƙi ƙuri'arsa? Ya ba mu amanar ɗaukar mutane da kaya a kan ruwa, bai ba mu amanar zaɓa masa shugaba ba. Duk wanda zai iya amsa mini wannan, ya zo ya amsa tun ina da rai.

Saura kai, Daniel. Kai hujjarka ɗaya ce, kullum ita kake maimaitawa: siyasa ce ta cinye maka uba. Zaharaddeen ya ce wannan zafin rai ne ba hujja ba, tunda kututturen cikin ruwa ne ya fasa jirgin da ubanka yake tuƙawa, kututture kuma bai san jam'iyya ba. A yadda kake faɗarta, yayanka ya fi ka gaskiya, domin ba ka san abin da ya faru ba. An gaya maka rabi. Ni na san sauran, shekara ashirin da uku ke nan ina riƙe da shi.

Na biyar. Wannan ba rabon kaya ba ne, abin da ke wuyana ne.

Ku ukun da kuka tashi a Yelwa kun sani, amma zan faɗa don jikokina. A kan ruwan nan akwai ƙa'idar da ta girmi kamfani, ta girmi madatsar Kainji ma. In injinka ya mutu a tsakiyar tafki, ko jirgi ya fara shan ruwa, sai ka ɗaura riga ko zane a kan gorar tuƙi ka ɗaga kana kaɗawa. Duk jirgin da ya hango, ko na maƙiyinka ne, ko me ya ɗauko, dole ya juya. Ba a tambayar waye. Mutum ba ya ɗaga ƙyalle a kan gora don wasa, yaro ma in ya yi sai an zane shi.

A shekarar da Philip ya rasu, ana cikin zaɓe kamar yanzu. Mutanen jam'iyya suka zo wurin Mati da irin wannan buƙata. Lokacin ba mu da wurin tsayawa namu a kwata, raɓe-raɓe muke yi, suka ce in sun ci za su ba mu. An gaya muku Mati ne ya yarda. Ba shi ba ne. Mati ya ƙi, ya ce shi bai son jirginsa ya zama na wani ɓangare. Ni na matsa masa. Kwana uku ina yi masa mita, da irin maganganun da Zaharaddeen yake yi yau, har da "kowa na yi". Ni na karɓo yadin jam'iyya, ni na zauna a keke na ɗinka tutoci, aka ɗaura su a kan gorar kowane jirginmu. Sauran masu jirage suka bi, kowa da launin tasa jam'iyyar. Wata guda cur ba abin da kake gani a kan ruwa sai samari suna kaɗa tuta a kan gora, in an haɗu a yi ihu a yi tsiya a wuce. Har ido ya saba.

Ran nan da la'asar ina dawowa daga wani tsibiri da ɗanyen giwan ruwa cike da jirgi, ƙanƙarata ta narke, hadarin farkon damina kuma ya haɗo daga gabas. Direbana Dogo ne yake tuƙa ni. Can nesa, ta wajen da tsofaffin itatuwan da ruwa ya cinye suke, muka hango jirgi, ana kaɗa tuta a kan gora. Dogo ya rage wuta ya kare ido da hannu ya ce: "Hajiya, wagga ɗagawa ba ta wasa ba ta. Mu juya?" Na dubi hadari, na dubi kifina, na ce masa: "'Yan siyasa na, Dogo. Kihi na lalacewa, mu tahi." Ya sake duba, ya dube ni, ya ƙara wuta.

Ashe ɗaya daga jiragenmu ne. Philip ne a ciki da fasinjoji tara daga wajen Wara. Injinsa ya mutu, ya ɗaga gorar da ke hannunsa, tutar da na ɗinka tana kai. Jirage uku suka wuce shi a yammacin nan, nawa ne na ƙarshe kuma mafi kusa. Iska ta taso ta kai su kan kututture, jirgin ya tsage. Masunta suka tsamo mutane da kwale-kwale. Philip ya fitar da mata biyu, ya koma ɗauko ta uku, bai fito ba. Na sayar da kifina da daraja a ranar, ina cikin wanke hannu labari ya iso kwata.

Dogo bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya kuma bar tuƙi a shekarar. Yana nan da rai a Birnin Yauri, wanda yake shakka ya je ya tambaye shi, na sauke masa alkawarin shiru. Mati na gaya masa bayan kwana arba'in. Ya ce kada in sake faɗa. Da mutane suka ce shi ya sa tuta a jirage ya jawo mutuwar ƙanensa, bai musa ba ko sau ɗaya, da wannan sunan ya shiga kabari, ni kuma ina ji ina gani na bar shi. Jam'iyyar ta ci zaɓe, ta kuma cika alkawari. Wurin tsayawar nan da kuke tsoron rasawa, wanda kuka ci kuka sha kuka yi karatu da shi, ta haka ya zo hannunmu.

To Daniel, hujjarka ba zafin rai ba ce, ba ka dai san inda ƙarfinta yake ba. Jirginmu na kowa ne, shi ya sa kowa yake shiga, shi ya sa kuma kowa yake juyowa in ya kira. Ranar da ya zama na jam'iyya, kiransa ma ya daina shiga idon mutane, har da idon mai shi. Kada Zaharaddeen ya ce mini yanzu kuɗi kawai suke so ba tuta ba. Wancan karon ma da mai aka fara. Ba kuma na faɗi wannan don in ɗora wa siyasa laifina ba. Dogo ya gani ya faɗa, ni na ce a tafi.

Na shida. Ga abin da nake roƙo a yi, ina kuma so a karanta wannan sashe a gaban masu hannun jari. Kada kamfani ya ba kowace jam'iyya kuɗi ko mai ko jirgi kyauta, da sunansa ko da sunan aro. Duk jam'iyyar da take son jirgi ta yi haya, farashi ɗaya ga kowa, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Kada a ɗaura tuta ko ƙyalle kowane iri a gorar jirginmu sai don neman ceto, kada kuma a liƙa hoton kowa a jikinsa. Zaharaddeen, in zuciyarka tana tare da mutanen nan, ka ba su daga rabonka, a fili, ban hana ka ba, ba kuma wanda zai zarge ka. Maganar izinin kwata kuwa, kada ka ɗauke ta kai kaɗai a ɓoye. Ka gaya wa taro gaskiyar haɗarin, ku tafi ofis gaba ɗayanku, da Tamada da 'yan wannan jam'iyya da 'yan waccan, da direbobi da matan suya, ku nemi sabuntawa tun kafin zaɓe. Ban ce za ku samu ba. In an ƙwace, ku nemi wata gaɓar ku fara daga raɓe kamar yadda muka fara. Na san da sauƙi mai mutuwa ta faɗi haka, ku ne za ku sha wahalar, wannan ma yana cikin abin da yake damuna.

Na bakwai. Sulusina, wanda shari'a ta bar mini in ba wanda ba magajina ba, na ba Daniel gaba ɗaya, a fitar masa daga hannun jarina na kamfani. Ba diyya ba ce, ba ni da abin da zai biya Philip. Ba kuma toshiyar baki ba ce, tunda ga shi na riga na buɗe nawa. Na yi haka ne don ya zama yana da murya a taro ba a ɗakin inji kawai ba, kada a sake yanke irin wannan shawara ba da ɗan Philip a wurin ba. In ya ga dama ya sayar ya tafi, hakkinsa ne, kada wanda ya tare shi da baƙar magana.

Zaharaddeen, kai ne uba yanzu. Ba mugunta ce take tura ka ba, tsoro ne, irin nawa, na kuma san daga wurin wa ka gado shi. Ka rage tsawa, ka riƙa barin ƙannenka su kai ƙarshen magana. Aminatu, bakinki ya fi hankalinki sauri, amma zuciyarki fara ce. Ke ce za ki riƙa shiga tsakaninsu, kada ki gaji. Ku riƙa zuwa Wara gaida Rebecca da salla da Kirsimeti kamar yadda muka saba. Ku wanke sunan ubanku a wurin duk wanda kuka ji ya ɗora masa abin da bai yi ba. Allah Ya yi muku albarka ku uku, Ya albarkaci 'ya'yanku, Ya tsare jiragenku da duk wanda ya shiga, Ya haɗa kanku ko da jiragen sun ƙare. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, na sani da wanda ban sani ba.

Da niyyata a rufe takardar nan sai bayan raina. Da na kai nan sai na ga wannan ma gudu ne. Na bar Mati ya ɗauki laifina yana kabari, ba zan kuma je in ɓuya a nawa ba. Don haka Aminatu ta tara ku a tsakar gida ranar Juma'a bayan an sauko, da Rebecca in za ta iya zuwa, ta karanta muku da ƙarfi, kada ta tsallake ko layi ɗaya. Ni ina kwance a ɗaki, zan sa a ɗage labule.

Daniel, ɗana, in har za ka bari in ƙara kiranka haka. Ban ce ka yafe mini ba, roƙo nake, kai da mahaifiyarka, kuna kuma da ikon hanawa. In ba za ka iya duban fuskata ba, ban ga laifinka ba. Amma 'yan'uwanka ba su san komai ba, kada ka haɗa da su. Shekara ashirin da uku ina jin takunka a gidan nan, na san shi a cikin na kowa. In an gama karatu zan kasa kunne. Zan ji in ka nufo ɗakina, zan kuma ji in ka nufi ƙofar gida.

Innarku,
Ramatu 'yar Ɗangana
Yelwan Yauri